Na tura imel ya fi 60 ban samu firisefta ba, wani ya ce in biya ya sa min hannu kawai

Ga saƙon da wata ƙanwarmu ta turo:

"Assalamu alaikum Anti, dan Allah a sakaya sunana. Ni nas ce a jihar Merilan, shekarata 7 a Amurka, yarana uku, ina dutin dare a asibiti kuma ina karatun NP (babbar nas mai ikon duba majinyata da rubuta magani) ɓangaren iyali ta intanet. Makaranta ta ce ni zan nemo firisefta da kaina, wato ƙwararren ma'aikacin lafiya da zan yi awoyin koyon aiki a ƙarƙashinsa. Na manya na samu da ƙyar har na gama, amma na yara da na mata sun gagara. Imel ya fi 60 na tura, mutum huɗu ne kawai suka amsa kuma duk a'a suka ce. Zango ɗaya ya riga ya wuce ni, in ban kai suna nan da wata biyu ba wani ma zai wuce. Maigida ya ce in haƙura da karatun haka nan. Wata ƙawata ta haɗa ni da wani mutum da ya ce in ba shi kuɗi zai sa min hannu a awoyin ba sai na riƙa zuwa ba, tunda ai ni tsohuwar nas ce na san aiki. Wallahi Anti na fara tunanin karɓa. Ki ba ni shawara."

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sannu, sannu da ƙoƙari. Sau biyu na karanta saƙonki, na biyun ma ina zaune a mota a bakin kilinik ɗinmu ban shiga ba tukun, don ya tuno min lokacin da nima nake cikin irin wannan halin. Dutin dare ga yara uku ga karatu ga kuma bin ƙofofin mutane ana ce miki a'a, ba ƙaramin kaya bane a kanki, kuma ki sa a ranki ba gazawarki bace ta sa abin ya cije.

Bari in fara da mutumin nan mai sa hannu don shi ne ya fi ɗaga min hankali. Kar ki karɓa. Ko kyauta ya ce zai miki kar ki karɓa, ki goge lambarsa ma gaba ɗaya. Kin riga kin yi roteshin ɗin manya ai kin san yadda abin yake, ba hannu ɗaya ake sawa a takarda a wuce wurin ba, kowane majinyaci da kika gani sai kin shigar da shi a Typhon ko wace manhaja ce makarantarku ke amfani da ita, da ranar da shekarunsa da ciwon da aka samu da abin da kika yi masa. To in ba ki je ba wa za ki shigar? Zama za ki yi cikin dare ki ƙirƙiro yara sama da ɗari da ba ki taɓa gani ba, ki ƙirƙiro musu ciwo da magani. Sannan malamarki na iya buga waya kilinik ɗin ko ta zo da kanta ta ganki kina aiki, ramin ƙarya kuwa ƙurarre ne. Kuma da waɗannan awoyin ne makaranta za ta shaida wa hukumar jarabawa, AANP ko ANCC, cewa kin cancanci zama jarabawa, a kansu jiha za ta ba ki lasisi, kinga kenan ginin gaba ɗaya a kan su zai tsaya. Kina ƙasar nan a Janairun 2023 lokacin da gwamnatin tarayya ta bankaɗo badaƙalar da aka kira Operation Nightingale, takardun shaidar nas na jabu sama da 7,600 da aka sayar daga wasu makarantu a Fulorida. Ba masu sayarwa kaɗai aka kama ba, hukumomin nas na jihohi sun bi waɗanda suka saya ɗaya bayan ɗaya, mutanen da suka yi shekaru suna aiki suna ganin ai zance ya wuce. Ranar da mutumin nan naki ya shiga hannu, sunayen duk ɗaliban da ya sa wa hannu za a zazzage, kuma ba NP ɗin kaɗai za ki rasa ba har lasisin RN ɗin, wato na aikin nas, da kike ci da yaranki da mutanen gida da shi yanzu.

Amma ki bar ma zancen kamu. Wannan kalmar da ya yi miki daɗin baki da ita, wai ke tsohuwar nas ce kin san aiki, ita ce tafi haɗari don akwai gaskiya a cikinta. Kin san aiki, aikin nas. Kina iya kallon majinyaci daga bakin ƙofa ki gane ya fara rikicewa tun kafin na'ura ta yi ƙara. Amma a can akwai wanda kike bugawa waya ya yanke hukunci, a nan ke ce za a bugawa. Ranar da uwa za ta shigo miki da jariri ɗan sati uku zafin jikinsa ya kai digiri 38, yana shan nono yana kallonki lafiya ƙalau a ido, ke ce za ki san wannan ba na a ba shi Tylenol (farasitamol) a koma gida bane, na a wuce imajansi ne yanzu yanzu. Leƙa kunnen yaro ɗan shekara biyu yana ihu yana harbi ki gane ja ne na kuka ko na ciwo, sa sifekulum (na'urar duba bakin mahaifa) wa matar da take jin tsoro ba tare da kin ji mata ciwo ba, jin ƙulli a mama da yatsunki, wallahi ba a koyon waɗannan a bidiyo, sai kin yi kin kuskure wani na tsaye a bayanki ya gyara miki. Shi ya sa hukumomin jarabawa ba sa karɓar ƙasa da awa 500 na ganin majinyata ido da ido, a 2022 ma kwamitin ƙasa da ke tsara ma'aunin karatun NP ya ɗaga nasa zuwa 750. Amanar rayuka ce za a ba ki, ina so ki karɓe ta da hannun da ya taɓa aikin.

To mu dawo kan neman. Ni yanzu ina ɗaukar ɗalibai, bari in faɗa miki yadda abin yake daga ɓangarenmu don ki daina jin kamar ke aka tsana. A rana ina ganin mutum wajen 20, kowa minti 15 zuwa 20, ga rubutun fayil da ke bina har gida. In na ɗauki ɗaliba satin farko komai nawa sai ya ja baya, kuma yawanci ko sisi ba a biyana. Likitoci masu neman ƙwarewa Medicare, inshorar lafiya ta gwamnatin tarayya, ce ke zuba kuɗin horar da su a asibitoci, mu NP ba mu da irin wannan, a kan alheri da zumunci horonmu yake tafiya, ga makarantun intanet suna ta ɗibar ɗalibai fiye da wuraren da ake da su. Ɓangaren yara da na mata kuma su suka fi wuya a ko'ina don kowa can yake rububi, ɗaliban likita da na PA (mataimakan likita) da na unguwarzoma da mu, wasu matan ma ba sa yarda ɗalibi ya shiga ɗakin. Imel ɗinki 60 kuwa ina tabbatar miki yawancinsu ba su kai idon mai maganin ba, a akwatin manajan ofis suka tsaya tare da wasu irinsu. Mu da muka yi makarantar nas a gida wannan abin na ba mu mamaki, can ai fostin ake liƙa wa a allo ki ga sunanki a wod ɗin yara ki ɗau jakarki ki tafi. Nan sai ki biya dubban daloli a ce kuma ki nemo malaminki.

Kuma wannan ɗin ma ban yarda ki haɗiye shi haka kawai ba. Ki duba shafin makarantarku ki ga wa ya tantance su, yawanci CCNE ce ko ACEN. In CCNE ce, tun ƙa'idojinta na 2018 a rubuce yake cewa alhakin makaranta ne ta tabbatar akwai isassun wuraren kilinikal wa ɗalibanta. Ɗalibi na iya taimakawa da nema, amma ba a ce a sakar masa kayan a ka a juya baya ba. Don haka ki zauna ki jera duk wuraren nan 60 a takarda, suna da ranar da kika tura da amsar da aka ba ki, ki aika wa mai kula da kilinikal ki sa shugaban shirin a kwafi. Da ladabi, ba faɗa ba, amma a rubuce, don waya iska ce. Ki ce kin yi iya naki ga shaida, zango ɗaya ya wuce ki, kina neman su gaya miki matakin da za su ɗauka kafin ranar kaza. Ki roƙi abu takamaimai, su ba ki sunayen asibitoci da kilinik na Merilan da suka riga suka ƙulla yarjejeniya da su, da waɗanda suka taɓa ɗaukar ɗalibansu a baya. Wannan maganar yarjejeniyar ki riƙe ta da kyau, don ko yau wani ya ce miki eh ba za ki taka ƙafa a wurin ba sai lauyoyin makaranta da na wurin sun sa hannu, abin da kan ci makonni wani lokaci watanni, ke kuma wata biyu gare ki. Wurin da takardarsa ke ƙasa tuntuni ya fi miki sabon wuri sau goma. Sannan ki tambaye su ko za a ƙirga miki awoyin yara a kilinik ɗin iyali da ke ganin yara da yawa, ko sun yarda da likita ko PA ko unguwarzoma mai lasisi a matsayin firisefta, ko za ki iya raba awoyin tsakanin mutum biyu. Ɗalibai da yawa na wahala a kan sharaɗin da su suka ɗora wa kansu ba makaranta ba. In sun yi miki shiru ki hau sama wurin shugaban tsangaya, kuma ki sani CCNE ɗin kanta tana karɓar ƙorafi daga ɗalibai. In kina da bashin karatu na gwamnati ki kira ofishin kuɗi na makaranta ki ji matsayinki, don in kika sauka ƙasa da rabin lokaci wata shidan nan na sassauci kafin a fara biya zai fara ƙirguwa ba ki sani ba.

Yanzu ga inda nake ganin za ki samu in sha Allah. Da ɗan gari akan ci gari ƙanwata. Duk ɗaliban da na taɓa ɗauka babu wadda ta zo ta imel ɗin da ban san mai shi ba, kowacce wani ne da nake jin nauyinsa ya ce min dan Allah ga yarinyata. Ke kuma kina da mutane kin fi ƙarfin a ce ba ki da su, kunya ce kawai ta rufe miki ido, irin tarbiyyarmu da aka ce roƙo abin kunya ne, mun fi son mu tura wa baƙo saƙo daga nesa ya ƙi mu da mu kalli wanda muka sani mu ce taimake ni. To wannan ba roƙo bane, kowane NP da kika gani a ƙasar nan wani ne ya tsaya masa a baya.

Mutum na farko shi ne firiseftan da kika gama na manya da shi. Ya ga aikinki da idonsa, kuma yana da abokan karatu da abokan aiki a ɓangaren yara da mata. Kar ki ce masa ko ka san wani, zai ce bari in duba shikenan an wuce wurin. Ki ce dan Allah ko za ka tura wa mutum biyu tes yau ka ambaci sunana. Sai asibitin da kike aiki, shekara nawa kina kiran likitoci da NP cikin dare, wasunsu matansu ko mazansu na da kilinik a gari. Likitan yaranki fa? Yara uku kina kai masa shekara da shekaru ya san fuskarki ya san ke nas ce, ko makaranta ba ta yarda ki yi a wurinsa ba zai iya miƙa ki ga abokinsa. Haka wadda ta karɓi haihuwarki. Masallacinku ranar Juma'a cike yake da likitoci 'yan Pakistan da Masar da Sudan da namu 'yan Najeriya, ki samu matar liman ko shugabar mata ki faɗa mata buƙatarki a fili, ki ga yadda zance ke tafiya. Akwai ƙungiyar likitocin Najeriya ta ANPA, akwai ta nas-nas NANNNA, ga Zumunta tamu ta 'yan arewa, ki shiga guruf ɗinsu ki rubuta abin da kike nema. Ki yi rajistar ɗalibi da ƙungiyar NP ta jihar Merilan ki riƙa zuwa taronsu da ƙafarki, a wurin cin abincin nan na yamma ake samun firisefta fiye da ko'ina, don mutum na jin nauyin ƙin wanda suka zauna teburi ɗaya.

Wuraren da za ki fi maida hankali kuma ba manyan asibitoci masu suna bane, su yawanci sun riga sun yi alƙawari da jami'o'in da ke kusa da su. Ki nemi cibiyoyin lafiya na al'umma da ake kira FQHC, shafin hukumar gwamnati ta HRSA na da wurin da za ki sa lambar unguwarku ya jero miki su, a can yara da mata masu ciki ba sa yankewa. Ki je sashen lafiya na kawunti inda ake rigakafi da tsarin iyali, da kilinik ɗin da ke cikin makarantun yara, da irin kilinik ɗin da musulmi suka buɗe kamar na cibiyar musulmi ta MCC a garin Silba Sifirin. Ki kira AHEC, aikinsu kenan haɗa ɗaliban lafiya da wuraren da ke ƙarancin ma'aikata, suna da ofis a Baltimo da Kambalan da kuma Kambirij can gabashin jihar. In ta kama ki yi tuƙin awa ɗaya da rabi sau biyu a sati na wata uku, ki yi, ya fi zaman zango guda a gida.

Kuma ki je da kanki. Ba Litinin da safe ba lokacin da waya ke ta ƙara kowa na a guje, ki bari sai Talata ko Laraba wajen azahar. Ki yi shiga mai kyau, ki gaida mai zaman teburin gaba da mutunci don ita ce ƙofa, ki nemi ganin manaja. Ki riƙe takarda shafi ɗaya tak da CV ɗinki, a ciki ki rubuta awa nawa kike nema, daga yaushe zuwa yaushe, waɗanne ranaku kike da su, takardu nawa firisefta zai cike, da cewa rigakafinki da gwajin TB da katin BLS na horon ceton rai da inshora duk suna hannu. Abin da ke sa mu ce a'a sau da yawa rashin sanin girman kayan ne, in aka ce min ina neman firisefta sai in ji kamar shekara za a ɗora min, in aka ce awa 60 ne, Talata da Alhamis, sati huɗu, sai in ga ai zan iya. Shi ya sa na ce ki tambayi makaranta zancen rabawa. Ki faɗi abin da za ki kawo musu, shekarunki na aiki, in kin iya manhajar fayil ɗin majinyata ta Epic ki faɗa, harsunan da kike ji ki faɗa. Ki kuma tuna musu nasu amfanin don wasu ba su ma sani ba, NP na iya amfani da awa 120 na horar da ɗalibi wajen sabunta takardar shaidarsa, sannan Merilan na cikin jihohin da ke ba firisefta rangwamen haraji in yana aiki a yankin da ke ƙarancin ma'aikatan lafiya kuma ba a biya shi ba, kamar yadda Jojiya da Kolorado da Hawai suke da irin nasu. Ki buga bayanin daga shafin jiha ki haɗa da takardarki. Bayan sati ki koma ko ki kira, wanda ya ce a'a ki yi masa godiya ki ce ko akwai wanda zai tura ki wurinsa.

Kamfanonin da ake biya su haɗa ki da firisefta kuwa, wannan daban yake da mai sa hannu, don zuwa za ki yi ki yi aikin da gaske. Raina ba ya so, don kuɗin kan kai dubban daloli a kan wanda kika riga kika biya makaranta, amma in lokaci ya ƙure kuma kina da hali ban ce haramun bane. Sai dai ki fara tabbatarwa makarantarku ta yarda da hakan, kar ki biya duka sai sun amince da mutumin, a rubuta miki cewa za a maido kuɗinki in abin ya rushe, ki duba lasisinsa a Nursys, shafin tantance lasisin nas, ko shafin hukumar jiha kyauta ne, ki tambaya ɗalibai nawa yake ɗauka a rana ɗaya. In ku biyar ne a bayan mutum ɗaya kallo kawai za ki yi.

Maigida kuma kar ki ɗauke shi a matsayin mai son karya miki gwiwa, ina kyautata zaton ya gaji ne da ganinki kina dawowa da asuba ido jajur kina kuka a kan kwamfuta, namiji in ya ga wahalar da ba shi da maganinta sai ya ce a bari. Ki zaunar da shi lokacin da hankalinku ke kwance ki nuna masa awa nawa kika yi nawa suka rage da watan da za ki gama, ki ba shi aikin da zai iya, ya yi magana da mutanensa a masallaci, ya riƙe yara ranakun da za ki fita nema, ku duba ko za ki koma dutin ƙarshen mako na ɗan lokaci don ba zai yiwu ki fito dutin dare ki wuce duba jarirai ba barci ba. In kuma duk an yi wannan zangon ya sake wucewa, zai yi ciwo na sani, amma wata huɗu ne, lasisinki na hannunki sunanki fes, ki fara neman na gaba tun yanzu.

Yau kafin ki shiga duti ki tura wa firiseftanki na manya saƙon nan, gobe in kin yi barci kin tashi ki rubuta wa makaranta. Ƙawar taki ma ki ja ta gefe ki faɗa mata ta rabu da mutumin nan. Ki rubuto min in ji yadda ake ciki, Allah ya buɗa miki ƙofa ta alheri ya sa albarka a karatun.